Natsuwata da Waken Malam Barau

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta, da wata ranar Asabar da na zauna a zauren wani dattijo a ƙasar Kunci, sanye da babbar riga sabuwa fil, ina gumi, ina murmushi, ina kuma roƙon Allah a zuci kada wani ya tambaye ni abin da hannuna na hagu yake yi a bayana. Amma bari in ɗauko zancen daga tushe, don ku san ba wanda ya jawo mini sai ni kaina.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Da keke na fara, ina bin ƙauyukanmu na gefen Ɗanbatta ina sayen gero da wake kwano-kwano, in tara in kai kasuwa. Yau alhamdulillahi ina da rumfa a Dawanau, ina da motar ɗaukar kaya. Ban ci gadon kowa ba, boko ma ban yi mai zurfi ba. Abin da ya kawo ni inda nake shi ne ba na zama. In aka ce wake ya sauka a wata kasuwa, kafin mai ba da labarin ya rufe baki na hau babur. Wannan halin shi ya ciyar da ni, shi ya aurar da 'ya'yana, kuma shi ya sa har na yi furfura ban taɓa shanye kofin shayi a zaune ba. Maiɗakina, Hajiya, ta ce ko sallama nake yi da mutum, ƙafata ɗaya ta riga ta tafi.

Na san halin yana da illa, ba sai an gaya mini ba. Shi ya sa duk shekara in ta kama sai in juya bayan kalanda in jera wa kaina dokoki. Zan daina cin goro. Zan daina amsa waya da loma a baki. Zan riƙa zama a masallaci bayan asuba har a shafa karatu. Zan daina tsere da motocin haya a kan babur. Guda tara nake rubutawa, kuma wadda ta fi daɗewa a cikinsu ita ce ta goro, ta yi kwana goma sha ɗaya (huɗu daga ciki ciwon haƙori nake yi).

A farkon waccan shekarar 'yata Rabi, wadda take aikin jinya a Kano, ta zo gida. Ta auna jinina, ta ɓata fuska, sannan idonta ya faɗa kan kalandar.

"Baba, wannan fa?"

"Dokokin bana ne."

"Ai na bara ne ka kwafe. Ko jerinsu bai canza ba."

"To ya kike so in yi? In zauna haka ba buri, kamar turmi?"

Sai ta ce mini mutane da yawa yanzu sun daina jera wa kansu dokoki. Kalma ɗaya tak mutum yake zaɓa, ta zame masa kamar alƙibla a shekarar. Duk abin da zai yi sai ya tuna da ita. In ya kauce, bai karya komai ba, juyowa kawai zai yi ya sake fuskantarta. Doka kuwa, ranar da ka karya ta shi ke nan, sai ka ce wa kanka sai baɗi.

Abin ya kwanta mini nan take, domin ya yi kama da ciniki mai ma'ana. Maimakon ka yi ta fama da kaya tara ɗai-ɗai, ka ɗauki ɗaya ka yi sarinsa. Na ce, "Na zaɓa. Riba."

Rabi ta ce, "Baba, wannan ai kalmarka ce tun kafin a haife ni."

Daga madafi sai muka ji muryar Hajiya, ko leƙowa ba ta yi ba: "Natsuwa!"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na juya kalmar a raina sai na ga babu wadda ta fi ta dacewa da ni. Na ce na karɓa. Rabi ta ƙara da cewa in riƙe ta tsakanina da kaina, ba abin shela ba ne. Wannan ɓangaren ne ban ji ba, don lokacin wayata ta yi ƙara.

Kafin mako ya zagayo babu wanda bai san kalmata ba daga Ɗanbatta har Dawanau. Direbana ya ji, masu dako sun ji, mai shayi ya ji sau uku. In na ga wani yana ɗaga murya a kan farashi sai in dafa kafaɗarsa in ce, "Natsuwa, ɗan'uwa. Ni bana kalmata ke nan." Har na fara tafiya a hankali in na lura ana kallona. 'Yan layinmu suka laƙaba mini Alhaji Natsuwa, ni kuma ina amsawa da fara'a, ban gane da tsiya suke faɗa ba. Gaskiya na ɗan samu canji. Nakan bar waya ta yi ƙara sau uku kafin in ɗauka. Sau biyu na cinye tuwo har ƙarshe ban tashi ba. Amma in an auna, yawancin natsuwar a bakina take.

Ana cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, sai ƙanena Ilu ya zo mini da magana. Ɗansa Nasiru, mai gyaran injin ban-ruwa, ya ga yarinya a wani ƙauye a ƙasar Kunci, Hauwa sunanta, malamar firamare ce. Sun daidaita, iyaye mata sun san da zancen, saura manya su je su nema. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, kakanta Malam Barau ne ya riƙe ta, kuma maganarsa ita ce ta ƙarshe. A al'ada uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, baffa ne yake zuwa. Baffan kuwa ni ne.

"Sai dai akwai abu biyu, Yaya," in ji Ilu. "Na farko, akwai wasu da su ma suka aika suna so. Na biyu, tsohon ba ya ƙaunar 'yan kasuwar hatsi. Ya ce ku ne masu zagaya gona kamar shaho tun kafin a girbe. An ce ya taɓa sallamar wasu masu nema don wanda ya jagorance su yana ta duba agogo."

Na ce, "To me ya sa ba za ka tura wani ba?"

"Kai ne babba. Kuma ai bana ka natsu, kowa ya shaida."

Kun ga inda shela ta kai ni.

Ana gobe za mu tafi Nasiru ya zo gaishe ni da la'asar. Ya durƙusa, ya yi ta murza hularsa, da ƙyar ya iya cewa, "Baffa, don Allah, a bar waya a gida." Na dubi yaron nan, mutum mai shekara kusan talatin, hannunsa duk baƙin mai. Shekara biyu yana bin hanyar Kunci a kan babur. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, in dai natsuwa ce ake nema, a wurina za a saya.

Da safe na miƙa wa Hajiya wayoyina biyu, na cire agogo na ajiye. Na saka 'yar ciki, na ɗora babbar riga. Sai dai akwai wani ɗan ƙarfe da duk mai sana'armu yake yawo da shi, kamar bututu ne mai tsini, tsawonsa bai wuce taƙi ba. Da shi muke soka buhu, 'yan ƙwayoyi su gangaro tafin hannu, mu duba, mu tauna, mu san irin kayan da ke ciki ba tare da an kwance baki ba. Shekara talatin yana aljihuna. Ban ma san lokacin da hannuna ya ɗauke shi daga tsohuwar riga ya zura a sabuwa ba.

Na tafi da maƙwabcina Malam Tanimu, tsohon malamin makaranta, mutumin da in ka ajiye shi a wuri da safe za ka same shi nan da yamma. Muka ɗauki goro da alawa. Mun isa bayan azahar. Kawun yarinyar ya tarbe mu, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya ce Baba yana ciki, an kuma aika a kira liman, mu ɗan jira.

Muka jira.

Ban san tsawon lokacin ba tunda ba agogo, amma a jikina ya kai kwana biyu. Na ƙirga azarar rufin zauren daga gabas zuwa yamma, na sake ƙirgawa daga yamma zuwa gabas. Hannuna ya tafi aljihu neman waya ya fi sau ashirin. Na tuna akwai motar riɗi da ake sa ran za ta shigo Dawanau a ranar, na fara tunanin wa zai riga ni. Na gyara zama. Na sake gyarawa. Na cire hula na mayar. Na juya in yi wa Malam Tanimu magana, na tarar ya sunkuyar da kai, carbi a hannu, yana gyangyaɗi cikin kwanciyar hankali. Wallahi har haushinsa na ji.

Sai na jingina da baya. A jikin bango akwai buhuna biyu, ɗaya a kan ɗaya. Bayan ɗan kasuwar hatsi ido ne da shi. Ina jingina na san wake ne, kuma ba irin wanda na saba ba, ƙwayarsa ta fi girma. Na ce wa kaina ba ruwana. Na ce natsuwa. Na ma faɗi kalmar a fili, a hankali. Na yi kamar minti ɗaya ina kallon ƙofa. Sannan wata murya a cikina ta ce, suka ɗaya kawai, wa zai sani? Ai in ka zare ƙarfen ka ɗan sosa wurin da tsininsa, saƙar buhun komawa take yi ta rufe.

Haka ne, in buhun sabo ne. Wannan tsohon buhun taki ne da rana ta gama cinyewa. Ina soka ƙarfen a na sama, ta bayan kafaɗata ta hagu, sai na ji ya shige kamar a takarda. Wake ya gangaro tafina, fari tas, manya-manya, da wata ƙura-ƙura a jikinsa. Ban tsaya tunani ba na watsa uku a baki na tauna, kamar yadda na yi sau dubu.

Jama'a, ashe tsohon ba ya saka maganin ƙwari na kanti. Da toka da dakakken barkono yake adana wakensa, irin na mutanen da, kuma bai yi rowar barkonon ba. Harshena ya kama da wuta. Idona ya kawo ruwa. Na zare ƙarfen da sauri na sosa wurin don ya rufe, sai ramin ya ƙara buɗewa, wake ya fara zubowa ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, tas, tas, tas. A daidai lokacin na ji gyaran murya da takun sanda daga cikin gida. Na jefa ƙarfen a aljihu, na tura waken da ya zubo ƙarƙashin riga, na kai hannun hagu baya na cusa babban yatsana a ramin. Na haɗiye abin da ke bakina.

Malam Barau ya shigo, dogo, siriri, gemunsa fari, liman da kawun suna biye da shi. Ya kamata in taso in tarye shi. Tunda ba hali, sai na ɗan ɗaga na durƙusa a inda nake, na sunkuyar da kai ƙasa sosai, na miƙa hannun dama iya tsawonsa. Ina jin sun ɗauka tsananin ladabi ne.

"Alhaji, idonka ya yi ja," in ji liman.

"Zafin hanya ne, Allah gafarta Malam."

Aka shiga gaisuwa. Wanda ya san gaisuwar dattawan ƙauye ya san ba a yi mata gaggawa. Ina gajiya, ina iyali, ya zafi, ya dabbobi, ya aka ji da tsadar taki. Tsohon ya tambayi mutanen Ɗanbatta ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu, in na ce sun rasu sai a tsaya a yi musu addu'a a taƙaice, a ci gaba. Duk wannan yatsana yana cikin rami, barkono yana shiga ƙarƙashin farce, kafaɗata ta fara sagewa, nauyin waken yana turo yatsan waje. Aka kawo fura. Na sha da hannu ɗaya, na kuma sha da yawa, don ita kaɗai ce take kashe wutar da ke bakina.

Can sai tsohon ya dube ni ya ce, "Alhaji, labari ya iso mana cewa bana ka zaɓi kalma."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Da na ji ban yarda ba. Na san mutanen Dawanau. Amma na ga alama. Tunda na shigo ko motsi ba ka yi ba."

Malam Tanimu ya gyaɗa kai yana jin daɗi. Ni kuwa na ce, "Sai godiyar Allah, Baba," gumi yana bin bayana.

Na fara lissafin yadda zan tsira. In na faɗi abin da ya kawo mu, aka amsa, sai in san dabarar da zan sa su riga ni fita, in toshe ramin da hankici. Saura ƙiris. Sai tsohon ya ce, "To Malam, buɗe mana da addu'a kafin baƙi su faɗi abin da ke tafe da su."

Kowa ya ɗaga hannu biyu. Ni na ɗaga ɗaya.

Liman ya fara, ya ɗan kalle ni ta gefen ido. Malam Tanimu ya zungure ni da gwiwar hannu, ya raɗa mini, "Ɗayan fa?" Babu yadda za ka je neman aure gidan mutane ka karɓi addu'a da hannu ɗaya kamar mai karɓar canji. Sai na matsa baya a hankali, na danne ramin da kafaɗa da dukkan ƙarfina, na zare yatsan. Shiru. Ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Na kawo hannun gaba na haɗa da ɗan'uwansa, ina cewa amin da ƙarfi fiye da kowa. A raina na ce, kai, dabara ta fi ƙarfi a wurin ɗan kasuwa.

Liman ya ce Fatiha. Aka karanta. Aka shafa.

Na shafa. Da hannun nan da ya yi kusan awa yana jiƙe a cikin toka da barkono, na shafe fuskata tun daga goshi har gemu, ta kan ido da hanci.

Na yi ƙoƙarin riƙe atishawar, Allah ya sani. Na datse numfashi, na cije leɓe. Da ta zo, ta zo ne da dukkan jikina. Ta wurga ni gaba, hulata ta faɗa cikin ƙwaryar fura. Kafaɗata tana barin buhun sai na ji wani sauti, kyaaat, buhun ya yage daga ramin har ƙasa. Wake ya kwararo ta wuyan rigata, ta bayana, ya bi tabarma, ya bi yashin zauren, ya kai har ƙafar tsohon. Toka da barkono suka tashi suka cika ɗakin. Liman ya yi atishawa. Kawu ya yi. Malam Tanimu ya yi uku a jere, carbinsa ya faɗi. Daga cikin gida mata suna ta tambaya, "Lafiya? Lafiya?" Kafin a ba su amsa kajin gidan sun ji labari, suka shigo a guje, kawu ya bi su da hula yana kora yana tari.

Malam Barau kaɗai ne bai yi atishawa ba (har yau ban san yadda ya yi ba). Ya zauna yana kallon wakensa a ƙasa. Sannan ya miƙa sandarsa ya jawo wani abu da ya faɗo daga aljihuna lokacin da na kife. Ya ɗaga shi sama, ya juya shi. Duk manomi ya san wannan ƙarfen.

Malam Tanimu, Allah ya saka masa, ya so ya cece ni. Yana share hawaye ya ce, "Baba, ina jin ɓera ne ya fara huda buhun, shi kuma Alhaji da ya jingina..."

Ga ƙofa a buɗe. Da na yi shiru, mai yiwuwa a bar shi a haka don kunya. Amma ni a kasuwa ma ban taɓa sayar da na bara in ce na bana ne ba, kuma tsohon yana riƙe da shaida a hannunsa. Na ce, "Baba, ba ɓera ba ne. Ni ne. Zama ya ishe ni, hannuna ya yi abin da ya saba. Ba ni da hujja."

Ya sake duban ƙarfen. Na tuna Nasiru da hularsa a hannu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Wannan iri ne," in ji tsohon a hankali. "Daga hannun mahaifina na karɓe shi. Ban taɓa sayen irin wake a kasuwa ba. A zaure nake ajiye shi don kada a yi kuskure a dafa mini. Ruwa saura wata guda." Ya ajiye ƙarfen a gefensa. "Maganar da ta kawo ku ta jira. Irina yana ƙasa."

Ya sa aka kawo faifai da wani buhu. Malam Tanimu ya yunƙura zai taya ni, tsohon ya ɗaga masa hannu. "Malam, kai ba ka soki komai ba. Koma inuwa ka sha iska."

Haka na tuɓe babbar rigar nan da na ɗinka musamman, na kakkaɓe waken da ke cikinta a faifai, na tsuguna daga ni sai 'yar ciki da wando. Na kan tabarma bai ba ni wahala ba. Na cikin yashi ne aikin. Da farko na yi irin tawa, na riƙa kwasa da hannu biyu ina zubawa, ina so in gama. Da faifan ya cika na miƙa masa. Ya duba, ya motsa shi da yatsa, ya ce, "Tsakuwa zan shuka?" Ya juye mini shi a gabana.

Na sake farawa, ɗaya-ɗaya. Mata suna leƙe ta bayan zana, ina jin ƙus-ƙus da dariyar da ake dannewa, kuma na tabbata Hauwa tana cikinsu tana kallon baffan mijin da take fata. Gwiwata ta yi tsami. Raina yana ta tafasa, yana zuwa Dawanau yana dawowa, yana tsara abin da zan gaya wa Ilu. Aka kira la'asar, muka je muka yi, na dawo na tsuguna. Wani abin mamaki, can wajen tsakiyar aikin sai na lura na daina tunanin motar riɗi. Na daina tunanin komai. Wake ne kawai, da yashi, da hannuna. In ka yi sauri sai ka haɗa da tsakuwa, in ka bi a hankali sai faifai ya cika. Ban san rana ta yi sanyi ba sai da na ga inuwar ƙofa ta kai bango.

Da na gama na nemi basilla da zare na ɗinke bakin sabon buhun, ɗinkin da ko a Dawanau sai an yaba. Tsohon ya taso ya shafa ɗinkin. Ya koma ya zauna.

"To Alhaji, ka ɗanɗana. Ya ka ji shi?"

Na ɗauka gatse ne, amma na ga da gaske yake jira. Na ce, "Baba, ban da barkonon, shekara ashirin rabon da in tauna wake irin wannan. Ya bushe har ciki, yana fashewa a haƙori. Na tsince buhu guda da hannuna, ban ga ƙwaya ɗaya mai huda ba. Wanda muke sa wa magani ma ba ya kaiwa bazara a haka."

Ya sunkuyar da kai yana gyara zaman sandarsa, amma na ga gemun yana motsi.

"Me ke tafe da ku?"

Kwana uku na yi ina shirya jawabi, da yabon gida da tarihin zumunci. Duk ya bi iska. Ina tsugune, fuska ta yi fari fat da toka, hanci yana zuba, na ce, "Baba, ɗanmu Nasiru muke nema wa auren jikarka Hauwa. Yaron kirki ne. Bai biyo ni ba."

Liman ya fashe da dariya har da buga cinya. Tsohon ya bari ya gama, sannan ya ce, "Da ka bar shi a kan ɓera, da yanzu kun kusa Ɗanbatta. Yaron na san shi, ya taɓa gyara mana inji, ya zauna a kansa wuni guda bai tashi ba. Gidan da ya fito nake son in gani. Na gani. Hannunku ba ya jin magana, amma bakinku ba ya ƙarya." Ya juya wajen liman. "Na ba shi. Amma Malam, ka zama shaida, ranar ɗaurin aure a laluba aljihun Alhaji a bakin ƙofa."

Aka sake yin addu'a. Wannan karon sai da na wanke hannu.

Labarin ya riga ni isa gida, ban san ta ina ba. Na tarar da Hajiya ta kifa kai a kan gwiwa tana dariya har ba ta iya amsa sallama. A Dawanau kuwa, wata guda cur, duk rumfar da na doso sai mai ita ya rungume buhunsa ya ce a taimaka masa. An ɗaura auren bayan sallah, kuma kawun nan da gaske ya tare ni a ƙofar masallaci ya shafa aljihuna, jama'a suna kallo.

Ban yar da kalmar ba, na ƙarasa shekarar da ita, kuma har yanzu ina ganin dabarar ta fi jerin dokoki. Abin da na gane dai shi ne, zaɓar kalma ba ya ɗaukar minti ɗaya, amma ba ta shiga jikin mutum ta baki. Tawa ta gwiwa ta shiga, a tsugune, a gaban surukai.

Bana da aka yi kaka, Nasiru ya kawo mini kwano guda na wake a ƙulle cikin tsumma, ya ajiye yana kallon ƙasa. Ya ce Malam Barau ne ya aiko, wai a ba Alhaji ya ɗanɗana a gidansa, kada ya wahalar da kansa da zuwa. Na karɓa na yi godiya. In kana da halin da kake son gyarawa, ɗan'uwa, gyara abinka shiru. In kuma gyaran bai gama kama jikinka ba, aka shimfiɗa maka tabarma a gidan mutane, zauna a tsakiyar ɗaki.